Fiyanon da Gurgun Yatsana Ya Zaɓa

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni da hantsi a kan bencin shagon kayan kiɗa, ina jiran a ɗauko min fiyano daga sito. Shekara biyu ke nan da babur ya karya min ƙaramin yatsan hagu, ya ƙage. Ran Asabar zan yi wa Hajiya Ladiyo mawaƙiya kiɗa, ta kuma ce in hannun nan ya sake sarewa a tsakiyar waƙa, wani za ta nema. Ni kuwa na kafe sai mai babban suna, irin wanda 'yan situdiyo ke miƙewa in an shigo da shi.

Barci ya sace ni, sai ga ni a kasuwar shanu. Ikon Allah! Fiyano ne ke kiwo garke-garke, kowanne da sunansa a goshi yana walƙiya har sama ta koma kore. Dillalan kuwa baki ne zalla, ba mai hannu ko ɗaya.

Wani ya ja gefen rigata. Malam Tanimu ne, makaho mai kukuma da ya koya min kiɗa, shekara goma da rasuwa, ya yi tsawo har hularsa na gogar gajimare. Na karanta masa sunan fiyanon da ya fi girma a garken ina hura hanci. Ya yi dariya, ya ce sakarai, ashe har yanzu da ido nake kiɗa.

Na danna fiyanon. Maɓallan suka zama matakalar dutse, yatsuna suka zama mutum biyar suna hawa. Ƙaramin ya yi ta ɗingishi har ya faɗi, yana kuka da muryata. Wallahi kunya ta kama ni, ban taɓa shawara da shi ba.

Malam ya rufe min ido da tafinsa. Cikin duhu wani abu ya zo yana shinshinar hannuna kamar ɗan maraƙi. Na dafa shi, na ji laushi, yatsan ya nutse. Sauti ya tashi, ƙasa ta tsage kogi ya fito, na ji garken nan kaf ya durƙusa.

"Malam, yaya sunansa?"

"Tambayi gurgun. Shi zai zauna da shi."

Firgigit na farka. Mai shago na tsaye da babban fiyanon a cikin kwali, yana tambaya ko a ɗaure min. Hannuna na hagu kuwa yana kan wani tsohon fiyano da aka yasar a gefen benci, sunansa duk ya goge. Yatsan da ya shekara biyu a sandare ya lanƙwashe, ya danne maɓalli ɗaya.

Na ce masa ya ajiye kwalin, ya jona min wannan tsohon da wuta.