Babban Babur Ɗin Safiyo

Saura taku ɗaya tayar baya ta hau titi, sai takalmin Safiyo ya zame a kan simintin gangaren. Babur ɗin ya karkata a hankali, kamar saniyar da ta yi niyyar kwanciya, ya tafi da su duka biyun. Mai Agogo, da ke riƙe da ƙarfen baya yana ja, bai saki da wuri ba. Akwatin gefe ya danne masa hannun dama a jikin bango.

"Saki mana!" in ji Safiyo.

"Da me zan saki? Hannun yana ƙarƙashi."

Sai da mai facin taya na tsallaken titi ya rugo da wasu mutum biyu masu wucewa, sannan aka ɗaga ƙaton abin nan. Mai Agogo ya zauna a bakin dakali yana duban yatsunsa. Biyu sun fara kumbura. Mutum ne da abincinsa ke cikin yatsun nan, da su yake ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba ya mayar cikin agogo. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan aikin da ba wanda ya ɗauke shi. Bango ɗaya ya raba ɗakin kwanansa da na Safiyo. Gidan Safiyo ya fi titi zurfi, hanyar shigarsa kuma siririya ce, babur ba ya juyawa a ciki. Da yamma sai ya gangara da shi kai gaba. Da safe kuwa, tunda abin ba shi da ribas, dole a fito da shi da baya, a hau gangare. Ƙarfe bakwai da rabi daidai, Safiyo zai ɗauki sifanar da yake ajiyewa a gindin gado, ya buga bango sau uku. Mai Agogo zai aje kofin shayi, ya zura silifa, ya fito yana mita. Safiyo ya kama kai yana turawa, shi ya kama ƙarfen baya yana ja.

Sau nawa ya gaya masa, "Ka riƙa shiga da baya mana da yamma, da safe sai ka tayar da inji ka fito abinka." Sai Safiyo ya ce wai bai iya ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna filaye da hanyoyi, ya ratsa daji da rafi a kan babur ɗin nan, wai shi ne bai iya shiga gidansa da baya ba. Ji wani zance.

In an fito da babur, sai a hau gardama, kullum ita ce dai ba ta sauyawa. Babur ɗin Safiyo na doguwar tafiya ne: gilashi a gaba mai tare iska, tanki kamar randa, akwati hagu da dama, kujera mai majingina. Na Mai Agogo kuwa ƙarami ne, gajere, mai dogon hannu, in ya zauna ƙafafunsa biyu suna ƙasa daram.

"Wannan naka ai kujerar shan iska ce aka sa wa taya," Safiyo kan ce. "Yi awa uku a kansa ka gani. Iska ta daki ƙirjinka, ka sauka kana tafiya kamar agwagwa."

"Naka fa? Mota ce aka manta ba a ƙarasa sa mata taya ba. Kuma awa uku zuwa ina? Yaushe rabonka da wuce kasuwa da layin karɓar magani?"

"Ranar da tafiya ta kama, za ka sani."

"To, Allah ya kai mu ranar."

Daga nan kowa ya kama gabansa. Tun da Safiyo ya aje aiki, matarsa ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo ta yi aure can nesa, wannan minti goman ne kaɗai ake jin muryarsa a unguwar.

Amma yau Mai Agogo bai da bakin wasa. Ya ɗaga kumburarren hannun ya nuna masa.

"Ka gani? Ni na gama. Wallahi na gama. Kai ka tsufa, ni na tsufa, babur ɗin nan ne kaɗai bai san da haka ba. Ka nemi daidai ƙarfinka irin nawa, wanda za ka fito da shi da hannu ɗaya. Kada ka ƙara buga mini bango."

Safiyo ya tsaya yana goge ƙurar da ta shafi gilashin da gefen rigarsa. Ya daɗe yana gogewa, har bayan gilashin ya fita tas.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Allah ya ba ka lafiya."

Bai ce komai game da agwagwa ba, shi ya sa Mai Agogo ya san maganar ta shiga.

Kwana huɗu bango shiru, babban babur yana tsaye a waje an lulluɓe shi da tampol. Rana ta biyar Mai Agogo ya dawo daga shago ya tarar babu shi. A cikin siririyar hanyar nan ga wani ƙarami baƙi, kusan ɗan'uwan nasa. Safiyo ya kai babban wurin bakanike sun yi musaya.

"To, ka shigo gari," in ji Mai Agogo ta kan katanga. "Yaya ka ji shi?"

"Ba nauyi," Safiyo ya ce.

"Ai na faɗa maka. Shekara goma sha takwas ina faɗa maka."

"Ka faɗa."

Mai Agogo ya shiga gida yana murmushi ya ba matarsa labari, har da kwaikwayon muryar Safiyo. Ita kuwa tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To Malam, ka ci gardama. Sai ka samu inda za ka ajiye ta."

Da farko ya ji daɗi, ba ƙarya. Yana shan shayinsa da zafi har ƙarshen kofi. Yatsun suka warke. Sai dai akwai abin da bai lissafa ba. Babban babur in ya tashi, sai agogunan bangon ɗakinsa sun girgiza, duk layin sai ya san Safiyo ya fita, ya san ya dawo. Ƙaramin nan kuwa sai ya sulale ya wuce kamar kyanwa. Wata rana su haɗu a ƙofa su ɗaga wa juna hannu, wata rana ba su haɗu ba. Babu abin da za a ja, babu abin da za a yi gardama a kai. Sau biyu Mai Agogo ya yi niyyar leƙawa haka kawai, ya tsaya a ƙofar, ya rasa da wace magana zai shiga, ya juya. Shi da bakinsa ya ce kada a buga masa bango, yanzu kuma kunya ta hana shi buga ƙofa.

Haka aka ci wata guda da 'yan kwanaki.

Wata Talata da safe yana ɗaura agogon hannu, sai ya ji kamar an buga bango. Sau uku, a hankali, ba ƙarfi. Ya dubi lokaci, bakwai da rabi ta ɗan gota.

"Kin ji wani abu?"

"Me?" in ji matarsa daga kicin, famfo yana zuba.

"Ba komai."

Ya yi tsaki yana dariyar kansa. Babban babur ba ya nan, me za a ja? Kunne ne kawai ya saba. Ya kulle jakarsa ya tafi shago, ita ma ta fita wurin aikinta.

Washegari da rana ya dawo cin abinci, matarsa ta ce, "Malam, yau kwana biyu ban ga maƙwabcinmu ya shanya tawul ɗinsa a igiya ba. Ko ya yi tafiya?"

Cokalin yana hannunsa ya miƙe. Ƙaramin babur yana nan a hanyar shiga, busasshen ganye biyu a kan kujerarsa. Ya yi sallama, shiru. Ya buga ƙofa, shiru. Ya kira mai facin taya suka sa kafaɗa suka ɓalle ƙofar.

Safiyo yana kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Idonsa a buɗe. Sifanar tana hannunsa na hagu. Ƙasa-ƙasa a jikin bangon, daidai inda hannun mai kwance zai kai, fenti ya ɓantale wuri-wuri, ba uku ba, ba goma ba. Ya yi ta bugawa bayan sun fita, har ƙarfin ya ƙare.

A asibiti aka sa masa ruwa. Likita ya ja Mai Agogo gefe ya tambaye shi tun yaushe abin ya faru. Da ya ji amsa sai ya kaɗa kai kawai. Mai Agogo ya buga wa 'yar waya, ya dawo ya zauna a kujerar roba kusa da gadon. Wajen la'asar Safiyo ya juyo da ido.

"Na ji," in ji Mai Agogo. "Jiya da safe na ji bugun. Na ɗauka kunnena ne. Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Rabin bakin Safiyo ya motsa. Sai da ya sunkuya sosai sannan ya gane abin da yake faɗa.

"Ƙaramin... yana da daɗin hawa. Gaskiyarka."

"Ba gardama na zo yi ba."

"Gaskiyarka," Safiyo ya sake cewa, ya lumshe ido.

'Yar ta iso da yamma, ta samu uban da rai amma bai ƙara magana ba. Da hantsin Alhamis ya cika.

Bayan an kai shi makwancinsa, mutane suka watse da wuri, don ba shi da jama'a sosai. Mai Agogo yana zaune a dakalin nan inda ya taɓa zama da kumburarren hannu, sai 'yar ta fito, ta durƙusa gefensa, idonta ja.

"Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Haba 'yata, tashi."

"A'a Baba, bari in faɗa. Sau nawa na ce ya dawo wurina, ya ƙi. Na ce a samo wanda zai riƙa zama da shi, ya ƙi. Na ce to ya rabu da ƙaton babur ɗin nan kada ya karya shi, sai ya yi dariya ya ce ai shi ne mai gadinsa. Ya ce, 'Muddin yana nan, kullum sai mutumina ya gan ni da safe. Ranar da ban buga bango ba, da kansa zai leƙo.' Shi ya sa hankalina ya kwanta duk shekarun nan."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai yana duban yatsunsa.

Ta share ido da gefen mayafi, ta waiwaya hanyar shiga. "Af, wai ina babban? Wannan ƙaramin na waye?"

"Nasa ne," ya ce. "Ya yi musaya. Wata guda ke nan da 'yan kwanaki. Ni na sa shi."

Ta dube shi. Ya ga lokacin da ta haɗa maganar a ranta, ya ga fuskarta ta sauya. Ya so ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Amma yarinyar mai tarbiyya ce.

"Kwana ne ya ƙare, Baba," ta ce a hankali. Ta tashi ta shiga gida.

Sati ya zagayo bai buɗe shago ba. Matarsa ta yi lallashi har ta gaji. Bakwai da rabi ta zame masa abin tsoro, sai ya fita tsakar gida kafin ta cika don kada ya zauna kusa da bangon. Kewa ta kama shi, irin wadda bai yi tsammani ba ga mutumin da bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba.

Ran Litinin ya hau ƙaramin babur ɗinsa, maimakon shago sai ya bi hanyar gareji. Bakaniken yana ƙarƙashin rumfa yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur. Can a kusurwa, bayan tarin tsofaffin tayoyi, ga babban yana tsaye, ƙura ta rufe gilashinsa.

"Baba, na ji rasuwar," in ji bakaniken. "Allah ya jiƙansa. Ka ga abin nasa, har yanzu ban samu mai so ba. Kowa ya zo sai ya ce ya yi nauyi. Inji kam lafiya lau, sai dai ƙarfen bayan nan zan sake wa fenti. Ban san abin da ya cinye shi haka ba."

Mai Agogo ya matsa ya duba. Ƙarfen baƙi ne, amma wuri biyu, hagu da dama, fentin ya goge sarai, farin ƙarfe yana ƙyalli, kowanne faɗin tafin hannu.

"Kada ka shafa," ya ce.

"Na'am?"

"Bar shi haka tukuna."

Bakaniken ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa. Mai Agogo ya aje jakarsa a ƙasa, ya gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ya ɗora hannun hagu a wurinsa, ya ɗora na dama a wurinsa. Suka zauna daidai. Ya tsaya a haka yana kallon gaban babur ɗin, inda hannayen tuƙin biyu suka karkata gefe guda, ba kowa a riƙe da su.