Wanda Zai Ce Mata "Ke"

Mama Tabita ta yafe wa Tamale, can ƙasar Gana, abubuwa da yawa. Ta yafe mata zafinta, ta yafe wa masu babur da ba sa kallon gabansu, har barkonon da ake zabga wa miya kamar ana fushi da mai ci ta yafe. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a maƙogwaro: a garin nan kowa namiji ne. Mai nono ta ce mata "ka saya", maƙwabta su ce "Mma ya dawo". Hausar zango ba ruwanta da raba ka da ki, Dagbanci, yaren 'yan ƙasar, ma bai san wannan wahalar ba, balle Turanci. Da farko takan gyara musu, sai su yi dariya su ce Hausar Najeriya akwai iyayi. Ta gaji ta bari.

Tun da ta baro Kafur da mijinta Fasto Irmiya suka zo aikin bishara, shi kaɗai ke kiranta yadda aka kira ta a gidan ubanta. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun tsufa suna koya wa matan Dagomba karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu, Tabita tana yawan ce musu Allah ba ya bukatar tafinta. Bara Irmiya ya kwanta dama, aka binne shi bayan ƙaramar majami'arsu can gaba da unguwar Vittin.

Ƙanwarta Kande ta dame ta da kira daga Kafur, ta dawo gida. Tabita ta daina ɗaukar wayar. Ta san kanta, in ta ji muryar nan da yawa za ta haɗa kaya, ita kuwa ta rantse ba za ta bar Irmiya shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Tana da Littafinta na Hausa, ya ishe ta gida. To, sai ido ya ci amanarta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba. An sa mata karatun a waya, amma muryar wani namiji ce mai zuba kamar mai labaran rediyo, ba ya numfasawa, ba ya sanin inda ya kamata ya tsaya mutum ya yi kuka. Kewa ta kama ta sosai, irin wadda ke hana tuwo wucewa.

Bashiratu tela ce, ɗakinta na jikin nata a gidan hayarsu na unguwar Sakasaka. Musulma ce, ga baki ga kirki. Wata rana da la'asar ta shigo da kwanon koko, ta tarar da tsohuwar rungume da Littafin a rufe.

"Mma, mene ka ke yi da littafi, ido babu?"

"Ina ɗumama shi ne, kar ya yi sanyi."

"Kawo in karanta maka. Na yi sukul fa. Annabi Isa ai mu ma mun san shi."

Tabita ta miƙa mata shi. Ta kwatanta mata wurin da take so, labarin matar nan da ta daɗe da ciwo, ta kutsa cikin taro ta taɓa gefen rigar Yesu.

Bashiratu ba ta taɓa ganin Hausa a rubuce ba. Ta yi ta tuntuɓe da haruffa masu ƙugiya, tana tambayar wane ne ya lanƙwasa musu kai. Tabita ta daure, ai mai nema ba ya zaɓe. A haka suka lallaba har inda Yesu ya juyo ya yi wa matar magana. Nan Bashiratu ta ɗan dakata, ta yi tsaki, ta wuce da "ka" ɗinta tana murna.

"Tsaya," in ji Tabita. "Haka aka rubuta?"

"Masu firinta ne sun yi mistek, Mma. Sun sa ki, ki, ki ko'ina. Na gyara maka."

Ran Tabita ya ɓaci fiye da yadda abin ya kai.

"'Yar nan, mace yake yi wa magana. Mace! Ki karanta abin da idonki ya gani, ba abin da bakinki ya saba ba."

Bashiratu ta ga abin ba na wasa ba ne. Ta gyara zama, ta ɗora yatsa a kan layin, ta koma baya. A hankali ta bi shi, tana taka kowace "ki" da kowace "ke" da ƙarfi don kar ta zame. Karatu ne mara daɗi, gaskiya, duk karin ya karkace. Amma da ta kai inda ya ce mata 'yarsa, ya sallame ta lafiya, sai Tabita ta ji ba da wata matar da can ake ba. Ta ji uwarta tana ƙwala mata kira daga bakin rumbu. Ta ji Kande tana cewa ke dai kin cika taurin kai. Ta ji Irmiya da safe yana tambaya ko kin tashi lafiya. Duk suka taso mata lokaci ɗaya, ta rufe fuska da zane ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

Ta ɗauka in ta sami mai karanta mata, za ta iya zama a Tamale har a kwantar da ita kusa da mijinta. Ashe yunwar da ta yi barci ta tasa. Layi ɗaya ba zai ƙosar da ita ba, so take a kira ta haka a bakin rijiya, a kasuwa, a yi mata faɗa ma da shi.

"Mma, na ɓata ne kuma?"

"Ba ki ɓata ba." Ta share ido. "Gobe ki ɗauke ni a babur ɗinki, ki kai ni wurin Irmiya. Zan roƙe shi gafara, in yi masa sallama. In mun dawo ki nemo mini lambar Kande."

Bashiratu ta rufe Littafin, ta ajiye shi kusa da kokon da ya riga ya huce.

"Da na san haka ne, Mma," ta ce, "wallahi da na bar shi a 'ka' ɗinsa."