Salomé a Ƙarƙashin Tebur

Marta tana tsakiyar tankaɗen garin hatsi moton daraktan lakwal, wato makaranta, ya tsaya a ƙofar gida. Tun daga sallama ta gane muryar, domin ita ce a farkon mako ta ce mata ta kwashi ɗiyarta ta yi gaba, lakwal ba gidan mahaukata ba ne.

Yau kuwa daraktan, Mushe Abdulwahabu, wato Malam Abdulwahabu, ya shigo yana ta washe baki, da ledar lemo a hannu, yana tambayar lafiyar "ɗiyarmu".

Ɗiyar tasu, Salomé, shekararta tara. Tun ba ta iya ɗaura zane ba take karanta duk abin da idonta ya faɗa a kai, daga kwalin magani har rubutun jikin manyan motoci. Lissafi kuwa kafin a rufe baki ta ba da amsa. Sai dai ba ta kallon mutum a ido, ba a taɓa mata kai, hayaniya kuma tana gigita ta. Matan majami'a sun yi mata addu'a har muryarsu ta dushe. Gwaggon Marta ta zo takanas daga Kiéché ta ce aljana doguwa ce, a nemo baƙar akuya. Likita ya dube ta sama-sama, ya ba ta maganin tsutsar ciki.

Abin da ya jawo korar, wani yaro ne ya dinga yi mata ihu a kunne yana dariya, ta gantsara masa cizo. Amma kowa ya san tun da safiyar ranar ta gaya wa mushen ajinsu a gaban yara cewa lissafin da ya yi a allo kuskure ne. Kuskuren ne kuwa, kuma wannan ya fi cizon zafi.

Darakta ya gyara zama ya ce yau da la'asar akwai gasa tsakanin makarantun Dogon Dutsi da na Tibiri, manya za su halarta. Ya gwada sauran yaran, ya ga babu alamar tsira sai da Salomé.

"Ai waccan ba kora ba ce, Madam," in ji shi. "Ɗan hutu ne muka ba ta."

Jin an ambaci manya, sai ga mijinta Alphonse ya fito daga ɗaki yana ɓalla maɓallin riga. Ranar korar tafiyar gaggawa ta taso masa zuwa Ɗan Kassari. Shi ne kuma mai kai yarinyar majalisar shayi tana yi wa abokansa lissafi, yana shafa ƙirji yana cewa jini ba ya ƙarya. Nan take ya amince a madadin kowa.

Marta ta ce ita ba ta amince ba tukuna. Sai an mayar da yarinyar aji, ba na yau kaɗai ba, a ba ta wurin zama kusa da taga, nesa da yaron nan. Darakta ya yi ta gyaɗa kai. Da ta ce ya ba ta ofishinsa ma, a ranar nan da ya bayar.

Ta leƙa bayan rumbu, inda Salomé ke tsugune tana jera 'ya'yan wake layi-layi, ta tambaye ta ko tana son zuwa. Yarinyar ba ta ɗago ba.

"Akwai lasifika?"

Darakta ya rantse babu.

Lasifikar da suka tarar ta fi yarinyar tsayi, har guda biyu. An kafa rumfa, an cika kujeru, an zaunar da yaran kowace makaranta bayan tebur mai shimfiɗa har ƙasa. Alphonse ya samu kujerar gaba, yana nuna wa na kusa da shi waccan ta tsakiya, mai kama da shi.

Mai gabatarwa ya hura abin magana, lasifika ta ƙwala wata ƙara mai tsinka kunne. Salomé ta toshe kunnuwa, ta kurma ihu, ta sulale ƙarƙashin tebur. Dariya ta ɓarke. Wata mata ta ce a'uzubillahi, wata ta yi alamar gicciye. Da Marta ta waiwaya, kujerar Alphonse babu kowa, wayarsa ta yi ƙara a daidai lokacin da ya dace.

Ta tashi da zanenta na zuwa majami'a, ta ratsa gaban manyan baƙi, ta durƙusa, ta ɗaga shimfiɗar ta shiga. Ciki da duhu-duhu, da warin takalman yara. Salomé tana ta rawar jiki. Marta ba ta taɓa ta ba. Ta zauna kusa da ita kawai, ta warware ɗankwalinta ta miƙa mata, yarinyar ta naɗe kunnuwanta da shi.

A waje aka fara jefo tambayoyi. Can rawar jikin ta lafa. Sai Marta ta ji ana raɗa kusa da kafaɗarta. Kowace tambaya, kafin mai gabatarwa ya kai ƙarshe, Salomé ta faɗi amsar a hankali, ga uwarta kaɗai. Marta, wadda ta bar lakwal tun tana ƙarama, ba ta gane ko ɗaya ba, amma tana amsawa da "to".

Shimfiɗar ta ɗaga, fuskar darakta ta leƙo tana zufa.

"Madam, ina jin ta. Don Allah ki ce ta faɗa da ƙarfi. Ko ke ki faɗa mini, ni in ba yaran."

"Tana hutu, Mushe," in ji Marta, ta ja shimfiɗar ta rufe.

Wata makaranta ta Tibiri ce ta lashe. Aka yi tafi, aka yi jawabi a kan muhimmancin kula da yara masu hazaƙa. Suna nan zaune har kujeru suka fara raguwa.

"Inna, gobe zan tafi lakwal?"

Ta ƙasan shimfiɗar Marta tana hango takalman darakta suna kai da komo, ƙura ta rufe ƙyallinsu. Ta san alkawarin safe ya riga ya narke.

"Za ki tafi," ta ce. "Tare za mu. Zan zo da tabarmata."