Rainon Auta

Su huɗu ne a gidan: Abba mai gyaran injinan sanyi, Umma ma'aikaciyar jinya, 'yarsu mai shekara tara da kowa ke kira Yaya, sai Auta da bai daɗe da fara tafiya ba. A ƙasar da suka koma ba su rasa ci da sha ba. Abin da suka rasa shi ne wanda za a ce wa, "Riƙe mini yaron nan, yanzu zan dawo."

Abba bai taso da ka ba. Sai da ya bincika abin da ake cira na haraji, da hayar ɗaki biyu, da wuta da ruwa da kuɗin mota. Ya ga in su biyu suna aiki, za su riƙe kansu har su aika wani abu gida. Raino ne kawai bai tambaya ba. Ina zai tuna? A gida Kaka na nan, Gwaggo na nan, maƙwabciya ma in ta ji kukan Auta sai ta shigo ta goya shi. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki.

A nan kuwa kuɗin gidan raino ya kusa cinye abin da haraji ya bar wa Umma. In ta ajiye aiki, albashin Abba ba zai ɗauki haya ba. Sai suka raba yini: Abba ya fita da sassafe, Umma da rana. Tsakanin fitarta da dawowarsa, Yaya ce uwa. Tana shigowa daga makaranta za ta ajiye jaka ta karɓi Auta, Umma ta kulle su ta waje.

Wata rana Auta ya matse yatsa a murfin kabad, ya yi ta tsala ihu. Matar da ke saman bene ta sauko tana ƙwanƙwasa ƙofa, tana tambayar ina manya. Yaya ta toshe masa baki, ta yi tsit. Washegari matar ta tare Umma a matakala. Ba da faɗa ba, ta ce doka ta hana barin yara su kaɗai, in ta sake ji dole ta kai rahoto, kuma ana iya ɗauke su duka biyun.

Ranar hutu Kawu, yayan Umma da ya daɗe a ƙasar, ya zo. Ya ɗora Auta a cinya yana kallon Abba.

"Suruki, ka lissafa har man goge baki, sai ka manta da maigidan ɗungurungum?"

Abba bai yi dariya ba.

"Matata za ta je gida wata mai zuwa," in ji Kawu, ya rage murya. "Ta kai Auta wajen Kaka, har ya isa shiga makaranta."

Umma ta ci gaba da ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Abba, zan bar makaranta in zauna da shi," in ji Yaya.

"Ke ma ai yarinya ce a wurin hukuma, uwata," in ji Abba.

"To zan hana shi kuka. Wallahi ba zai ƙara ba."

"Zo nan," in ji Umma. "Ba laifinki ba ne, kin ji?"

Ranar tafiya Auta yana ta murna da sabon takalmi. A filin jirgi matar Kawu ta ɗauke shi, ya ɗaga musu hannu kamar kanti za a je. Da suka koma gida Umma ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba. Abba ya zauna da rigar fita a jikinsa.

Yaya ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ba abin da ake bukata ta yi. A nan ta gane cewa albashin da suka bar gida dominsa na mutum uku ne, su kuwa su huɗu suka zo.