Ordinatar Ƙungiyar 'Yan Atamfa

A shekarar 2005 ƙungiyar 'yan atamfa ta Zango ta sayi ordinatar, wato kwamfuta, tsohuwar Turai, aka girke ta a biro, ofishin ƙungiya. Tanimu ne sakatare, shi ke buga wa 'yan kasuwa takardun fito da kaya, don haka shi aka danƙa wa ita.

Da farko tana aiki ba laifi, sai manya suka fara yi mata gata. Perzidan, shugaban ƙungiya Alhaji Ɗanliti, ya ji a rediyo ana maganar birus, cutar da ke kama na'ura, ya sa aka saka mata antibirus. Mataimakinsa, Alhaji Amiru, ba ya yarda a fi shi, ya aiko da nasa daga unguwar Gounghin. Ma'aji ya kawo na uku. Kowane antibirus na ɗaukar sauran biyun ɓarayi, suka yi ta kokawa a cikin 'yar memuwar, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da dama ba ta da yawa. Duk wanda ya yi biki ko suna kuma sai ya kawo hotuna a zuba mata, har cikinta ya cika. Matar perzidan ta lulluɓe ta da atamfa mai kauri, ta toshe ƙofar fankar.

Sai ordinatar ta koma rarrafe. Tanimu ya kunna ta da safe, ya dafa shayi, ya sha, ya je gaisuwar mutuwa ya dawo, ba ta gama farkawa ba. In an matsa masa sai ya ɗaga hannu.

"A yi haƙuri, tana tunani."

Dattawa suka ji daɗin wannan magana, har suna kawo baƙi su ga na'ura mai natsuwa.

Hajiya Rabi'atu kuwa, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, kayanta na tsare a iyaka saboda takarda guda. Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta jira Tanimu ya fita salla, ta ɗaure na'urar a bayan ɗan babur mobilet, sai unguwar Zogona wurin mai gyara. Ya fitar da antibirus biyu, ya kwashe hotunan a faifai, ya busa ƙurar fankar, ya ƙara memuwar.

Washegari Tanimu ya danna, kafin ya kai hannu ga buta takarda ta fito. Ya tsaya yana kallonta kamar an yi masa rasuwa. Kafin azahar layi ya kai bakin titi, bai ko karya kumallo ba.

Aka kira taron gaggawa.

"Hajiya, antibirus ɗin wa kika cire?" in ji Alhaji Ɗanliti.

"Wallahi ban tambaya ba, Alhaji. Ai ga ta tana gudu."

"Gudun ne ba mu yarda da shi ba," in ji Alhaji Amiru. "Abin da ke amsawa kafin a gama tambaya, yaushe ya yi tunani?"

Tanimu ya gyaɗa kai da ƙarfi.

Aka kafa kwamitin bincike, aka kulle na'urar a kabad har sai an karanta rahoto. Perzidan ya ce rahoton babbar ƙungiya irin tasu ba ya zuwa da rubutun hannu, dole a buga shi a ordinatar. Ma'aji ya ce ba mai taɓa mabuɗi sai ya ga rahoto. A kan haka damina ta wuce, aka shiga azumi.