Gangar Bikin Domnika

Tambaya ɗaya ce ta kayar da ni a jarrabawar shiga jami'a a Kishinau, babban birninmu. An ba mu wani gishiri mai fuska biyu, irin wanda in ya shiga ruwa yakan saki tsami, ya kuma shanye tsami, aka ce mu fitar da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa. Na ɗauki lambar da ba ita ba. Na dawo ƙauye. Bayan ba mai tambayata, na zauna na maimaita lissafin har na iya shi ido rufe.

Ranin bara ya yi zafi. Inabi ya nuna har ya zarce, tsaminsa ya ƙone. Baba ya matse gonar kaf, gangar giya ɗaya tak ya samu. Ya rubuta sunan yayata Domnika a jikinta da alli. Bikinta bayan Ista ne. A garinmu kuwa, uban amaryar da bai shayar da baƙi daga gangarsa ba, ya gama zubar da girmansa.

Al'adarmu, da sanyi ya kama sai a mirgino ganga daga ɗakin ƙasa zuwa tsakar gida. Sanyi ya sa dutsen inabi ya kwanta a jikin katako, giya ta washe. Dutsen nan shi ne gishirin da ya kayar da ni.

Na aro na'urar awo wajen Malama Paraskiva, wadda ta koya mana sinadarai. Na auna giyar, ta nuna 3.9. Asid ɗin inabi lambobi biyu gare shi, 3.0 da 4.3. Ka haɗa, ka raba biyu: 3.65. Nan ne iyaka. Giyar da ke ƙasa da nan, dutse na fita tsaminta na ƙaruwa. Wadda ta haura, dutsen zai tafi da ɗan tsamin da ya rage mata. In babu tsami, ƙwayoyin cuta sun samu gida.

Na faɗa musu muna cin mamaliga, tuwonmu na masara, da cuku. Kawu Nikifor, ƙanin mamata, yana nan kamar kullum.

"Baba, kada a fitar da gangar bana. Ko a ƙara mata tsami tukuna."

Kawu ya ajiye cokali. "Ji farfesa! Profir, ɗanka zai koya maka giya. Wace jami'a ce ma ta ba ka takardar, Anatol? Au, na manta."

"Kakanka ya fitar," in ji Baba. "Ni ma shekara talatin ina fitarwa."

"Shekara talatin ba a yi rani irin wannan ba."

Baba ya dube ni. "Lissafin nan naka, shi ne wanda ka faɗi?"

"Shi ne."

"To ci abincinka."

Washegari na hau bas zuwa gari, na sayo ƙullin asid ɗin inabi. Na auna abin da gangar ke buƙata, na sake aunawa. Ranar da suka tafi coci na sauka ɗakin ƙasa ni kaɗai, na zare toshiyar gangar. Na daɗe a tsaye. Muryar Kawu nake ji. In na sake ɗaukar lambar da ba ita ba fa? A wannan karon bikin Domnika zan ɓata. Na mayar da toshiyar, na tura ƙullin cikin aljihun kwat.

Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, da kafaɗata aka tura gangar waje.

Saura mako biyu biki, uban ango ya zo ɗanɗano. An riga an mayar da gangar ɗakin ƙasa, muka sauka. Kofi ɗaya ne, daga hannun baƙo yake farawa. Tun kafin ya kai baki na ji warin, kamar ɓera ya mutu a rumbu. Mutumin ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye don kunya.

"Ba komai, Profir," ya ce. "Zan aiko da tawa. Ai an zama ɗaya."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Domnika tana kan matakala da faranti a hannu. Ta juya ta haura. Kawu ya ce ya tuna akuyarsa a waje.

Da yamma ni da Baba muka tuntsurar da gangar bayan lambu. Ƙasa ta shanye. Ya cire kan gangar, ya sa wuƙa yana kankare dutsen. Dutsen ya kwanta da kauri, ja, yana ƙyalli. Ban taɓa ganin mai kyansa ba.

"Ka sani," ya ce, bai ɗago ba.

"Na sani."

"Me ya hana ka dagewa?"

Ƙullin yana aljihuna, takardar ta yi laushi don yawan taɓawa. Ban fito da shi ba. Na ɗauki bokiti na tara masa, ya ci gaba da kankara.