Ƙafar Tela Tsakanin Sama da Ƙasa

Shekara goma sha tara ina tura gadon marasa lafiya a asibitin nan. Na kwashe amai, na ɗauki gawa, amma ban taɓa jin ƙyamar da ta hana ni cin abinci ba sai a kan ƙafar wani tsohon tela.

Ranar Litinin 'yarsa ta kawo shi. Ciwon suga gare shi, babban yatsan ƙafarsa ta dama ya yi baƙi ƙirin. Ƙaramar likitar da ta karɓe shi ta ce in an hanzarta abin mai sauƙi ne: a saukar da sugan, a cire yatsan, ya koma bakin aikinsa. Tsohon har da dariya, wai yatsa ɗaya ai ba zai hana shi taka keken ɗinki ba.

Sashen tiyata yana saman bene, sashen masu suga da hawan jini yana ƙasa. Kowanne da shugabansa, mu dai Na Sama da Na Ƙasa muke ce musu. A lokacin babban likitan asibiti ya yi ritaya, su biyun kowa ya ƙwallafa rai a kan kujerar. An ce kwamiti zai duba sashen da ya fi sallamar mutane lafiya lau. Tun daga ranar, duk majinyacin da ciwonsa ke da alamar rikici, ba mai son ya kwana a sashensa. Ga shi ba sa ga maciji, ko gaisuwa babu. Magana sai ta rubutu a fayil, ni ne ɗan aiken.

Na tura tela sama. Na Sama ko bargon bai ɗaga ba, ya rubuta cewa a gyara suga tukuna. Na gangaro da shi. Na Ƙasa ya karanta, ya ja tsaki, ya rubuta cewa suga ba zai sauka ba sai an cire ruɓaɓɓen naman. Na sake hawa. Kai! Kwana huɗu muna wannan wasan banza, kamar ana miƙa wa juna tukunya mai zafi.

Ran nan a tsakiyar hawa 'yar ta riƙe ƙarfen gadon, ta ce, "Kawu, don girman Allah, kai da ka san su, wa za mu roƙa?"

Na ce, "'Yata, ni tura gado aka ɗauke ni."

Wallahi har yau in na tuna amsar nan sai in ji kunya.

Baƙin ya wuce yatsa ya kama tafin ƙafa. Wari ya fara, har masu jinyar gadajen kusa suna toshe hanci da gefen mayafi. Tsohon ya daina dariya, sai dai duk sanda na zo ɗaukarsa ya ce, "Sannu, malam, ina ta wahalar da kai." Ji fa! Shi ke ba ni haƙuri.

Ƙaramar likita ta yi ta maza ta shiga ofishin Na Sama, don ba a buɗe ɗakin tiyata sai da sa hannunsa. Ina bakin ƙofa na ji ya ce, "Ke a wane sashe kike? Wa ya ce ki koya mini aiki?" Ya tuna mata cewa takardar kammala horonta a teburinsa za ta bi. Ta fito idonta jawur, ta wuce ban ɗaki.

A rana ta tara zazzaɓi ya rufe tsohon, ya fara sambatu. Sai ga sa hannu ya fito cikin minti biyar, tunda gawa ta fi ɓata lissafi. Suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Bayan kwana biyu kwamiti ya zo zagaya ɗakuna. Sai ga Na Sama da Na Ƙasa kafaɗa da kafaɗa, fararen riguna sun sha guga, suna wa juna murmushi. Tir! Suka tsaya a gadon tela. Na Sama ya ɗaga bargon, karo na farko ke nan, ya girgiza kai, ya juya wajen baƙi.

"Kun ga matsalar mutanenmu. Sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa."

Na Ƙasa ya dafa kafaɗar tsohon, ya sassauta murya. "Baba, me ya hana ka zuwa da wuri? Da yatsa kawai za mu cire."

'Yar ta buɗe baki, ta dube ni. Fayil ɗin yana hannuna, da rubutunsu duka da kwanan wata. Na sunkuyar da kai.

Tsohon ya kalli inda bargon ya kwanta shafal a kan katifa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ku yi haƙuri, likita. Laifina ne."